Jakar Ƙusa

Duk wanda ya san aikin rufin gida ya san Tsohon Kafinta. Ya faɗo daga bene ya tashi ya karkaɗe wandonsa, zarto ya ci masa yatsa bai nemi asibiti ba, tsararrakinsa kuwa duk shi ya raka su makwancinsu. Kuma bai taɓa rataya jakar ƙusa ba. A haƙora yake jera ƙusoshinsa, ya zaro ya buga, ya zaro ya buga, yana waƙa ta gefen baki.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta taɓa ɗinka masa jaka da tsohon wandonsa. Ta ce, "Maigida, ka raba bakinka da ƙarfe. Matashinka kullum jini."

"Jinin ne ya yi mini yawa yake neman hanya. Ba yara jakar su yi wasa."

Sai da haƙoran gaba suka fara rawa, sannan babbar 'yarsa ta tasa shi gaba har kujerar likitar haƙori.

Likita ta ce, "Baba, dasashinka ya ja baya, dauɗa ta daskare a ƙarƙashinsa. Zan yi maka allura, in kankare har gindin haƙori."

"Allura? Ni da ƙusa ta shiga tafin ƙafata na zare ta da filaya? Kankare abinki, 'yata."

Daga baya ya yarda da allurar, wai don kada hannun likitar ya yi rawa.

Ƙarfe ya yi ta ƙara a bakinsa, yana tofar da ɓarɓashi kamar tsohon siminti. Da aka gama ya kai harshe, sai ya ji ƙofofi tsakanin haƙoran, kuma sun fi da rawa.

"Kin ɓata mini aiki! Da ƙarfinsu na kawo su."

"Dauɗar ce ta riƙe su, Baba, tana cin ƙashin ta ƙasa."

Ya sha ganin katakon da gara ta cinye, fenti kaɗai ke riƙe da shi.

"Na ciki za su tsaya in ka kula. Na gaba kam, da tun farkon jinin ka zo. Kai da ƙusa kuma, kun rabu."

A hanya ya ce wa 'yarsa, "Jakar nan da uwarki ta ɗinka, tana ina?"

"Ai kai ka ce a ba mu. Mun yi wasa da ita har ta yage. In ɗinka maka wata?"

"Bar shi."

Da ya koma aiki, a gwangwani ya hau da ƙusoshinsa. Baki ya samu fili, amma har ya sauko bai yi waƙa ba.