An Kawo Ni Shan Iska

…kuma ma tun yaushe Abdul-Basit ya fara son daji? Ɗan kawun nan nawa, wanda in sauro ɗaya ya shiga ɗaki sai ya tashi gida kaf — shi ne yau a gabana, jaka a baya, sanda a hannu, yana haki yana nuna mini bishiyoyi. Wai in shaƙi iska. Wai ya yi booking tun tuni. Tun tuni? Tantin da muka kwana a ciki ko ledarsa ba a yage ba sai jiya. Da ƙyar wata Baturiya mai kare ta taya mu kafa shi, tana dariya.

Laka. Ganyaye jiƙaƙƙu. Ƙafata ta zame, na kama reshe.

Ihsan, ke ce kika haɗa mini jakar nan. Ƙanwata da ko shayi ba ta taɓa miƙo mini ba tun da na dawo, jiya har da safa biyu, har da dambun nama a roba. Dambun nama… Umma ta wuni a kicin ranar Alhamis, flat ɗin duk ya ɗauki ƙamshin cincin. Na ce na mene ne, ta ce na maƙwabta. Waɗanne maƙwabta? Mutanen da ko a lif ba ma gaisawa?

Sai goro. Na gan shi a bayan firij, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da alewa. Tun daga Deptford, can wani gefen London, aka sayo. Wa ke cin goro a gidanmu?

Abdul-Basit yana tsayawa, yana ɗaga waya sama. Babu signal. Shi da ya ce mun zo ne mu huta da waya — me yake nema a cikinta?

A Kaduna in aka ce maka zo mu shiga daji, sai ka dubi fuskar mutum sau biyu. Na koyi wannan a shekarun da na yi a can. Na tafi da sunan 'yan watanni, zan fara harkar citta, zan dawo da kwantena. Na dawo da akwati ɗaya. Ɗakina ya zama na karatunki, ni kuma falo, a kan kujera. Jiya da zan fito aka ce in kwashe bargona da takalmana in cusa ƙarƙashin gadon Umma. Za a wanke kafet. Kafet kuma, ranar Juma'a da yamma…

Abba da kansa ya raka mu tashar Stratford. Abba! Ya dafa kafaɗata ya ce in huta sosai, kada in yi gaggawar dawowa. Babbar rigarsa mai aiki tana rataye a ƙofa, an goge ta, tana sheƙi.

Ni yaro ne? Ban san masu neman aure ba? Za su zo, kawunnan likitan nan da kike waya da shi a ƙasa-ƙasa. Za a zauna, a gaisa, a yi addu'a, a raba goro. Wan yarinya shi ke tarbar baƙi a ƙofa, shi ke shigo da faranti. Daga nan wani dattijo zai gyara hula ya ce, wannan shi ne babban? Masha Allah. Me yake yi yanzu?

Me yake yi yanzu. Sai Abba ya dubi kafet.

Ko dai zargi ne kawai? Watakila taubashina ne ya ji tausayina. Watakila cincin ɗin na maƙwabta ne da gaske. Tsuntsaye na ta kuka, rana ta ɗan leƙo, wasu tsofaffi sun wuce mu suna ce mana morning… me ya sa ba zan iya tafiya kamar kowa ba?

Mun kai saman tudun. Can nesa, cikin hazo, dogayen gine-ginen London kamar haƙoran mataji. Wayar Abdul-Basit ta yi ƙara a aljihu. Ya juya mini baya yana karantawa.

Na ce, kamar ba komai, "Yaushe za su iso?"

"Bayan Azahar in sha—"

Ya katse maganar. Bakinsa a buɗe. Ya fara kame-kame, wai ba haka ba ne, wai da ma za a gaya mini, gaisuwa ce kawai, ba a sa rana ba tukuna. Na ce ya bari, na san aikin Abba ne.

"Ba Abba ba ne. Shi cewa ya yi dole ka zauna a gida. Ihsan ce ta roƙe ni. Har kuka ta yi."

Ke.

Ga hanya nan ta gangara zuwa tashar jirgin ƙasa, an kafa alama. Rana ba ta kai tsaka ba. In na sauka yanzu zan riga su isa. In yi wanka, in ari kaftanin Abba, in tsaya a ƙofa. Abba zai ji daɗi ma, ashe. Ke kuma ki leƙo daga kicin ki gan ni…

Kuka kika yi don kada a gan ni, ko don kada a tambaye ni a gabansu? Wanne ne, Ihsan? Ba ɗaya ba ne… ko ɗaya ne?

Abdul-Basit yana miƙo mini ruwa, ya kasa kallona. Benci a jiƙe yake. Bari in zauna tukuna — kaɗan kawai.