Jan Biro da Mai Goge Daɓe

Shekara ashirin da takwas Malam ya yi yana koyar da Turanci, bai taɓa barin kuskure ya kwana a littafin ɗalibi ba. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Jan Biro. Ya san da sunan, ko a jikinsa. Da ya yi ritaya sai ya kama ajin manya na yamma a wata cibiya da ke saman shagon tayoyi: benci shida, fanka ɗaya mai kuka, da allon da tsufa ya mayar fari. Ɗalibansa masu iyali ne, daga wurin aiki suke zuwa da gajiya a fuska. Shi ma kafin ya gama hawa matattakala sai ya tsaya sau biyu.

Da aka kawo sabuwar shugaba, ta ce zamanin allo kaɗai ya wuce. A buɗe wa kowane aji guruf a waya, ɗalibai su riƙa tura saƙon murya na minti ɗaya da Turanci don baki ya saba. Malam ya ce bakin da bai iya ba, ko gidan rediyo aka kai shi bai iya ba ne. Ta yi masa murmushin wadda ta riga ta yanke hukunci. Aka buɗe guruf.

Malam bai canja komai ba sai wurin aikin. Ya kara waya a kunne, takarda a cinya, jan biro a hannu, ya rubuta duk inda mutum ya yi tuntuɓe. Sannan ya sauke tabarau kan hanci, ya buga gyaran da yatsa ɗaya, da lamba da lamba, ya tura guruf kowa ya gani. Direban motar kaya da ke zama a bencin gaba shi ya fi shan gyara, shi ya fi kowa turowa kuma, don shi kunya ba ta san gidansu ba.

A bencin ƙarshe akwai wata mata da ta shekara tara tana goge daɓe a wani ƙaramin asibiti. Rubutunta ya fi na kowa tsabta, amma wata huɗu ba wanda ya ji Turancinta. Tun ranar farko ta gaya wa Malam abin da ya kawo ta: gwiwoyinta sun gaji da durƙuso, tana son komawa teburin karɓar marasa lafiya, wanda ba a ba wa mutum sai yana iya amsa wa baƙi da Turanci. Yanzu wurin ya samu, an sa ganawa ranar Alhamis.

Ranar Lahadi ta turo saƙonta na farko, daƙiƙa hamsin. Malam ya ji daɗi ƙwarai, shi kuwa jin daɗinsa gyara ne. Ya saurara har sau uku, ya fitar da kuskure goma sha ɗaya, ya jera su a guruf. Direba ya manna fuskar dariya a ƙasa, ba da mugunta ba, hannunsa ne ba ya zama. Kafin la'asar ta fita daga guruf. Litinin bencinta ba kowa. Talata ma haka.

Da aka tashi ranar Talatar, direba ya tsaya yana goge allo, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, sau nawa kake tsammani ta ɗauki muryar nan kafin ta turo?"

Malam ya ce ba ya cikin aikinsa ya sani.

"Sau goma sha huɗu. A ɗakin ajiye bokitai, ta kulle ƙofa. Matata ce ta gaya min, maƙwabciyarta ce. Ni ma na sha faɗa kan dariyar nan."

Malam ya ce gyara ba zagi ba ne, shi ma da gyara aka raine shi.

"Ni dai fatata ta taya ce, ka yi ta caka. Ita ta ce ta fasa ganawar."

Malam ya sauka matattakala. A ransa ya sake bin gyararrakin nan ɗaya bayan ɗaya, bai ga na ƙarya ba ko guda. Abin da ya fi cin ransa ke nan.

Laraba da hantsi ya hau mota biyu ya je asibitin. Ya same ta a baranda tana matse tsumma, warin maganin wanki ya cika wurin. Ta gaishe shi da ladabi, idonta a bokiti. Ya zauna a bencin masu jiran likita yana haki. Ta ce kada ya wahalar da kansa, wanda aka yi don tsumma ya riƙe tsummansa. Bai yi mata wa'azi ba, ba shi da ƙarfin yi. Ya zaro jan biro daga aljihun gaba ya miƙa mata.

"Riƙe min wannan, 'yata. Kada ki ba ni ko na roƙa."

Daga nan ya juya harshe zuwa Turanci. Ya ce shi baƙo ne, tsoho, gwiwa ke damunsa, bai san inda ake yankar kati ba. Ya zaci tafiya za ta yi. Can ta amsa a hankali: ƙofa ta biyu a hagu, amma ya fara zuwa a gwada jininsa, in ba haka ba za a dawo da shi. Kuskure biyu a numfashi ɗaya. Yatsunsa suka motsa, sai ya tura hannun ƙarƙashin cinya ya zauna a kai. Ya ce ya mance katinsa a gida. Ta gaya masa abin yi. Ya zama mai faɗa saboda dogon layi, ta lallashe shi. Ashe ba lungun asibitin da ba ta sani ba, har likitan da ba ya son a buga masa ƙofa. Minti ashirin tana magana, muryarta na ƙara fitowa, bai tare ta ba ko sau ɗaya.

Da suka gama ta tambaye shi kuskure nawa ta yi.

"Ban ƙirga ba," in ji shi. Ƙarya ya yi, Allah ya yafe masa. Ashirin da uku ne.

Alhamis da yamma yana tsakiyar matattakala yana hutawa, waya ta yi ƙara. Ita ce, shi kaɗai ta turo wa saƙon murya, da Turanci. Ta je ganawar. Sun ce ta zauna a teburin sati biyu a gwada ta, daga nan su gani. Ta ce bironsa na wurinta, za ta kawo Litinin.

Kunnensa ya tsinci kuskure tara ba tare da ya sa shi ba. Hannunsa ya tafi aljihu, ya tarar ba komai. Ya daɗe yana duban wayar, sannan ya buga da yatsa ɗaya cewa ya ji, ya fahimta, kuma biron ta bar shi a teburinta.

A sama direba na kwaikwayon tafiyarsa, aji na dariya, ga saƙon murya bakwai suna jiransa a guruf. Ya dafa bango ya ci gaba da hawa.