Ranar da Muka Yi wa Tukunya Fenti

Shekara tara na yi a kwamitin makarantar tsibirinmu. An zaɓe ni ne ran da ban je taro ba.

A lokacin mu ke kashe kuɗin makaranta yadda muka ga dama. Gwamnati ta turo daga Oslo, mu biyar mu zauna a kicin ɗin Ragnhild, shugabar makarantar, ga kofi ga waina da cuku, mu yi ta musun littattafai za a saya ko kwalekwale. Akwai shekarar da kwalekwale ya ci. Yara ashirin da uku ne duka, har da 'yata Tuva, kuma babu wanda ban san kakarsa ba.

Sai aka canza doka. Aka haɗe mu da gundumomin ƙetaren ruwa, kuɗin gyara ya koma hannunsu, ba a ba ka krone ɗaya sai mai duba gine-gine ta gani da idonta. Mu kuwa tukunyar ɗumama ajujuwa ce damuwarmu. Ta girme ni, ta kuma fi ni tari. In ba a sake ta ba, babu karatu lokacin ƙanƙara.

Takarda ta zo cewa mai dubawa za ta iso ran Litinin. Ragnhild tana Bergen jinyar yayarta.

Gunvor mai kanti ta ce, "Yanzu baƙuwa za ta zo ta ga tagogin nan haka? Ta koma ta ce ƙazamai ne a tsibiri?"

Shi ke nan, Asabar aka kira gayya. A wurinmu ba a tambayar dalilin gayya, tsani kawai ake ɗaukowa. Aka wanke, aka kankare, aka toshe rufi. Ni aka ba ragowar koren fenti don in daina shiga ƙafar mutane. Na sauka ɗakin ƙasa, na ga tukunya duk tsatsa, tausayinta ya kama ni.

Oddbjørn, mijin Gunvor, ya leƙo. "Kai Torleif, ashe kana da amfani! Ƙara mata shafi na biyu." Shi kuma ya naɗe inda take yoyo.

Ran Litinin matar ta zagaya, ta sha kofi, ta tsaya gaban tukunyar da ke ta ƙyalli.

"Tana aiki?"

Oddbjørn ya ce, "To, ba mu da ƙorafi."

Haka ya ce ran da ƙafarsa ta karye. Ina tsaye, na gyaɗa kai, don ba a kai kuka gaban baƙo. Ta rubuta abin da ta gani, kuɗin ya tafi wata makarantar da mutanenta suka yi wayon barin bokiti ƙarƙashin rufi.

Da Ragnhild ta dawo ta daɗe a ɗakin ƙasa. Ta hauro ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane mai hikimar ne ya sa wa gawa kwalli?"

Duk suka juyo wurina. Ban taɓa samun goyon bayan kwamiti gaba ɗaya ba sai ranar.

Tukunyar ta mutu a Janairu. Aka ce yara su riƙa bin jirgin ruwan safe zuwa babbar makaranta kafin a ga abin yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana gani.

Makon farko na taryi Tuva a bakin ruwa, na shirya kalaman rarrashi tun daga gida.

"Yaya makarantar, 'yar baba?"

Ta ce, "Baba, ka san can ana cire safar hannu in za a yi rubutu?"