Ɗinkin Bahago a Gafakar Shehu

Shekara ashirin da biyu Alkasum baduku ya yi yana bin Shehu Suma'ila, goma Shehun yana raye, goma sha biyu yana kabari. In ana neman gwanin fata a Damagaram a zamanin nan, shi ake nunawa. In kuma ana neman wanda ke tuɓe hankalinsa tare da takalmi a ƙofar zaure, shi ɗin ne dai.

Mutanen Shehu ana ce musu 'Yan Gafaka. Wai wata rana Shehu na zaune cikin duwatsun bayan Birni, dutse ya tsage, ya ga gafaka, wato jakar fata ta littafi, a cikinta littafin wani waliyyin Barno da aka binne shekara ɗari huɗu. Rubutun ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne, Shehu kaɗai ke karanta shi. Mutum bakwai suka yi shaidar sun ga littafin. Da aka matsa musu, suka ce da idon zuci suka gani. Sauran jama'a kuwa sau ɗaya a shekara ake fito musu da gafakar a naɗe cikin farin ƙyalle, su sumbaci ƙyallen, su koma gida suna hawaye.

Littafin nan mai ladabi ne, bai taɓa saɓa wa mai karanta shi ba. Da Shehu ya ga wata garka, wato lambu, a Mirriya ta yi masa, littafi ya ce a ba shi. Da ya rasu, Halifa Mala Bukar ya gaji karatun. Lokacin da Faransa ke da ƙarfi, littafi ya ce Nasara suna nan har tashin ƙiyama, a bi kumandan, Baturen mulki. Shekarar da za a sauke tutarsu, Halifa ya buɗa wani shafi, ya tarar ashe waliyyi ya faɗi ranar tafiyarsu tun tuni. Alkasum ya ji duka biyun da kunnensa, ya yi kabbara duka biyun.

Ana cikin daminar samun 'yanci, samarin da suka yi lakwal, wato boko, suka fara yi wa 'Yan Gafaka dariya a kasuwa. Halifa ya ga in bai yi wani abu ba zaure zai rage mutane. Ya sanar cewa ran Juma'a za a kware ƙyallen kowa ya ga gafaka da idonsa, kuma babban badukun gari zai rantse a kan shekarunta. Ran Laraba da hantsi ya aika aka kira Alkasum.

"Ɗan Illa," in ji Halifa, "gara ta ɗan ci gefe guda na gafakar. Ka gyara, ka duba da kyau, jibi ka gaya wa jama'a abin da ka gani."

Alkasum ya yi alwala sau biyu kafin ya taɓa ta. Sannan ya kware ƙyallen.

Abin da ya fara gani ja ne. Baduku ya san ja iri biyu. Akwai na karan dafi, rinin kakanni, wanda in ya tsufa yake duhu ya lafe cikin fata. Akwai na galura, hodar da ake saya a kantin Nasara, wadda ke zama bisa fata tana ƙyalli, in ta tsufa ta koɗe. Wannan ta koɗe. Ya lashi yatsa ya goga, jan ya biyo yatsan.

Ya ce a ransa wataƙila wani ne ya sake mata rini daga baya. Mai son a ruɗe shi ba ya rasa dabarar taimaka wa mai ruɗinsa. Ya sa basilla ya ɗaga shafin ciki, inda ba mai rini da zai kai. Nan ma galura. Sannan ya ga ɗinkin. Ya taso daga hagu ya nufi dama, kuma bayan kowane ɗinki bakwai an yi ƙulli biyu an ɓoye bakin zaren a ƙasa. Mutum ɗaya ya taɓa yin haka a Damagaram, Illa Bahago, ubansa, wanda ya sha ƙwala masa basilla a ka saboda ya kasa koyon ƙullin nan.

Sai ya tuna shekarar da aka ce dutse ya tsage. Ita ce shekarar da aka kwashe su Alkasum aikin tilas na hanya, bai kwana gida ba wata takwas. Ya tuna kuma har tsohon ya mutu, in aka ambaci Shehu, sai ya yi tari ya tofar, ya ce shi bai ce kome ba.

Alkasum ya ɗago kai da tausayi, don a zatonsa Halifa ma an cuce shi.

"Allah gafarta Malam, akwai magana mai nauyi. Wannan aikin babana ne. Ba ta wuce shekara talatin ba."

Halifa ya ci gaba da ɓare goro. "Talatin da ɗaya," ya ce. "Wa kake jin ya kai masa fatar? Ni ne. Akuyar ma tamu ce."

"Kun sani?"

"Kai, ɗan Illa, girma ya zo maka. Mutum ɗari huɗu ke salla a nan, da can rabinsu bori suke yi. Ka san wanda ya bar giya saboda gafakar nan? Ka san aure nawa ta gyara? Kai fata kake dubawa, mu mutane muke dubawa."

"To littafin fa? In gani."

"Ba a yi maka izini ba."

"Akwai shi?"

Halifa ya jefa goro a baki. "Ubanka ya rantse ya yi shiru, ya mutu da mutuncinsa. Kai ba shiru ma aka ce ka yi ba, kalma biyu ce. Ka ce ta tsufa."

Da ƙaryar Shehu ce kaɗai, da Alkasum ya nema mata uzuri, don matacce ba ya nan balle a tambaye shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne mutumin nan mai rai, da ya shekara goma sha biyu yana kallon sa yana kuka a kan ƙyalle, ya san akuyar, ya san mai jimar, bai ko yi murmushi ba.

A gida matarsa Rakiya ta ji labari, ta aje muciya. "Malam, da ka rantse kan ƙarya gara ka kwanta ciwo. Ka ce zazzaɓi ne. Rabin masu kawo maka aiki mutanensu ne, surukinka ma nasu ne."

"Zazzaɓin ma ai ƙarya ce," ya ce.

Ran Juma'a bayan la'asar fili ya cika. Aka kware ƙyalle, mata suka yi guɗa, wani tsoho ya suma. Halifa ya miƙa wa Alkasum hannu, ya ce gwani ya yi magana.

Alkasum ya miƙe. Ba mai iya jawabi ba ne, ya faɗi abin kamar yana gaya wa mai saye aibin fata. Ya ce jan galura ne, galura kuwa da kantin Nasara ta zo. Ya ce ɗinkin Illa Bahago ne, duk badukun da ke wurin ya matso ya duba.

Ba wanda ya matso. Halifa ya sunkuyar da kai, ya daɗe, sannan ya ɗago da hawaye a ido.

"Allahu akbar! Kun ji da bakin gwani! Rinin da Nasara suke taƙama da shi, waliyyi ya riga su da shekara ɗari huɗu! Ɗinkin Illa kuwa, an nuna wa waliyyi hannun Illa tun ba a haifi kakansa ba!"

Kabbara ta tashi har tantabaru suka watse. Mutane suka yi ca a kan Alkasum suna shafa hannunsa, wai jinin Illa ne. Wata tsohuwa ta tambaye shi ina kabarin uban yake, tana so ta ɗebi ƙasa. Yana ta cewa, "Ba haka na ce ba! Jama'a, ba haka na ce ba!" Suna amsa masa da amin. Da ƙyar ya zare jiki, hularsa ma a can ta tsaya, an yayyaga ta don tabarraki.

Bai sake taka zauren ba. Halifa ya ce hasken gafaka ne ya yi masa yawa ya taɓa masa kai, a yi masa addu'a, a kuma daina kai masa aiki. Aka yi duka biyun, na biyun ya fi tsanani. Surukinsa in ya hango shi sai ya sauya hanya.

Kwana tara rumfarsa ba kowa sai ƙuda. A na goma, wani dattijo mai suna Modu, wanda ya fi kowa ƙarfin kabbara ran Juma'ar, ya zo ya tsuguna yana waige-waige. Ya ciro wata laya daga wuyansa, ya ce Halifa ne ya ba shi, wai an kwafo ta daga littafin waliyyi, shekara takwas tana jikinsa.

"Ba wai ina shakka ba ne, Alkasum. Ka dai farke mini in gani."

"Baba Modu, in na farke ba ni mayar maka da ita yadda take. Abin da ka gani ka gan shi ke nan."

Modu ya dubi layar, ya dubi titi.

"Farke," ya ce.

Alkasum ya jawo wuƙa ya fara wasa ta.