Farar Motar da Aka Sace wa Inji

Kawu da kunne yake yi wa mota kuɗi. Zai tayar da inji, ya dafa sukudireba a jikinsa, ya kara kunne, ya leƙa hayaƙi, sai ya yanke farashi, kuma ba mai ja. Shekara talatin ke nan. 'Yar ƙanwarsa, wadda 'yan gareji ke tsokana da Injiniya tun da ta gama kwalejin fasaha, ta yi magana har bakinta ya gaji. Duniya ta yi gaba, hatta injinan manyan tireloli kwamfuta ke juya su yanzu, wasu ma sun fara rabuwa da dizal, su kuwa suna nan suna shinshinar hayaƙi. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai tirelar da ba ta tari ba ta haifu ba.

Ran nan da hantsi aka sauke wata farar a-kori-kura daga bayan babbar mota. Mai ita dattijuwa ce mai kiwon kaji. Ɗanta ne ya aiko mata daga waje, direbanta ya ce ta ƙi tashi, ita kuwa so take ta sayar ta ƙara wa kajinta ɗaki.

Kawu ya danna maɓalli, shiru. Ya sake, shiru. Ya buɗe bonet, ya tarar da rami fayau, har da shimfiɗa a ciki.

"Hajiya, sai haƙuri," in ji shi. "An yashe ki a hanya, sun ɗauke injin. Ɓarayin ma masu tsafta ne, sai da suka share wurin."

Ya yi mata kuɗin gangar jiki da tayoyi. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke gefe ya ce ya saya, tun Kawu bai rufe baki ba. Dattijuwar ta fara lalubar takardun motar a jaka.

Ran Injiniya ya ɓaci. Ta matso ta raɗa wa Kawu cewa motar ta lantarki ce, batirinta na ƙasa, ramin nan wurin zuba kaya ne.

"Ke, boko ne ya hana ki ganin rami?" ya ce da ƙarfi, aka yi dariya.

Ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, amma takardun sun kusa shiga hannun mai ƙarafa. Ta rufe bonet, ta shiga, ta taka birki, ta danna maɓallin, ta sa giya. Motar ta sulale kamar kyanwa, ta zaga tirelar da ake wa garambawul, ta dawo ta tsaya a bayan Kawu. Shi ko yana can yana ba da labarin ɓarayin inji, sai da ya ga kowa ya saki baki sannan ya waiga.

Ya dubi motar sama da ƙasa. Ya cusa sukudireba a aljihu.

"Hajiya, na janye. Abin da kunnena bai ji ba, bakina ba zai yi masa kuɗi ba. Injiniya, ke da kika san ta, nawa?"

Injiniya ta duba lafiyar batirin a allon motar, ta duba kasuwa a wayarta, ta faɗi abin da ya fi kuɗin a-kori-kura uku masu dizal da ke jere a bakin ƙofa. Mai ƙarafa ya tuna ana jiransa a wani wuri. Dattijuwar ta mayar da takardunta jaka, ta nemi taya ta zauna, ta ce a taimaka mata da ruwa.