Hannun da Yake Ji

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, shekarar ce ɓarin jikin matata 'Yardada na hagu ya shanye. Maƙwabtanmu a Soron Ɗinki suna ta gardamar siyasa a zaure, ni kuwa ina ɗaki da kwalbar man kaɗanya.

Wata malamar asibiti ce ta koya mini tausa. Ta ce, "Baba, kullum safe da yamma. Daga yatsu ka hauro kafaɗa. In ka bari, hannun ƙagewa zai yi."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa riƙe hannunta haka kawai ba. Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Amma magani magani ne. Na ajiye allurar da nake ɗinkin aska a babbar riga, na kama aiki. Ba fashi, ba hira.

Duk ranar Allah in na gama, sai ta miƙo mini hannunta na dama, da bakinta da ya karkace ta ce, "Malam, wannan fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Wannan lafiyarsa ƙalau," in ji ni. "Mai lafiya ba ya shan magani."

"Kai dai rowa gare ka, har ta mai."

"Ki bar wasa, 'Yardada. Ɗaga yatsan nan in gani."

Tausar ta yi amfani, ba zan ɓoye ba. Hannun bai ƙage ba, kumburin ya saɓe. A wata na biyar babban yatsa ya motsa. Har masallaci na kai labari, ina cewa mai haƙuri yakan dafa dutse.

Da damina ciwon ya dawo, ya tafi da ita a wuni guda.

Bayan addu'ar bakwai, 'yarmu Bahijja ta same ni ina juya kwalbar nan.

"Wata takwas ban tsallake rana ba," na ce mata. "Ko ba komai ta ji daɗin hannun nan."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ai ba ta ji. Motsi ya dawo, ji bai dawo ba. Ta ce mini kamar kana shafa icen wani."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Tsoro take kar ka daina zuwa ka zauna. Shi ya sa take miƙo maka na dama. Shi ne mai ji."

Ni da kullum nake cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ga hannu a gabana, safe da yamma, wata takwas.

Na daman nan, na riƙe shi dai sau ɗaya, ranar da aka shigo da ni in yi mata addu'a kafin a rufe likkafani. Ya riga ya yi sanyi.