Jan Baƙi

Malam Surajo yana fama da naɗin rawani a ofis, Hajiya Batulu mai makaranta ta leƙo ko sallama babu.

"Malam, ka dai tuna? Farkon Maryam."

"Hajiya, yaron nan fa ba mahaddaci ba ne."

"Ni na ce maka mahaddaci ne? Cewa na yi ka ja masa Maryam."

Ranar ce walimar sauka a makarantar kwana ta hadda da yake shugabanta a Gwagwalada. Bisa al'ada, shugaba ke ja wa kowane ɗalibi baƙi a gaban iyaye: ya karanto bakin aya daga inda ya ga dama, yaro ya ɗora da ka. Shi kuwa Hanif, ɗan wani darakta a ma'aikatar tarayya, duk zamansa a nan abin da ya zauna masa shafi biyu ne na Suratu Maryam, sai murya mai daɗi.

"Ubansa ne ya gina mana ɗakunan kwanan nan," in ji Hajiya. "Nan Abuja ce, ba Zariya ba. In rawanin ya yi maka nauyi, Ustaz Nasrullahi da ke ƙarƙashinka yana da wuyan ɗaukarsa. Gidan da kake ciki ma zai ishe shi."

Malam Surajo ba jarumi ba ne. Ko mai gadi zai yi wa faɗa sai ya fara da tambayar iyali. Ya tuna hayar ɗaki ciki da falo a Dutse Alhaji, ya tuna uwargida da yara biyar. Sannan ya tuna ranar da za a tura Hanif gaba ya ba jama'a tarawihi, da takarda mai sa hannun Surajo.

Rumfa ta cika da manyan riguna da ƙamshin turare. Da aka kira Hanif, Hajiya ta gyara zama. Malam Surajo ya riƙe makirufo. Ya yi bisimilla, ya ja baƙi daga Suratu Nisa'i, cikin ayoyin gado.

Hanif ya dube shi. Ya yi gyaran murya, ya lumshe ido, ya kama Maryam daga farko.

"Allahu akbar!" in ji wani daga sahun gaba.

Rumfa ta ɗauka. Wayoyi suka tashi sama. Darakta ya cire tabarau yana share ƙwalla. Malaman makarantar, su da suka sani, kowa ya tsura wa takalminsa ido. Malam Surajo ya buɗe baki zai tsayar da yaron, kabbara ta biyu ta danne shi.

Bayan taro ya koma ofis ya fara kwashe littattafansa cikin kwali. Hajiya ta shigo da fara'arta.

"Ka gani ko, Malam? Me ya ragu a jikinka?"

Ita ma ba ta lura ba Maryam ya ja ba. Ranar Litinin aka sabunta masa kwantiragi.